Ko agabe mai ratsin fari zai jure ranar hamada?

Malam, ka tambaya ko agabe (wani tsiro mai ganyaye masu kauri da tsini) mai ratsin fari ko rawaya a ganye zai rayu a filin hamada, ganin cewa naka ya fara ƙonewa a gefe. Zai rayu ƙwarai, amma ba ya jure zafin rana kamar ɗan'uwansa mai koren ganye zalla, saboda haka ka dasa shi inda zai samu hantsi, sannan inuwar bango ko ta bishiya mai sakakken ganye ta kare shi daga azahar zuwa la'asar.

Dalili shi ne, farin ratsin nan ba shi da isasshen sinadarin kore da tsiro ke sarrafa hasken rana da shi, don haka nan ne ke fara ƙuna, ya koma ruwan ƙasa ya bushe kamar takarda, kuma tabon ba ya gogewa sai dai sabon ganye ya fito. Abin da na lura da shi shi ne, wanda aka ɗauko daga inuwar masu rainon tsirrai aka kafa shi tsakiyar rana kai tsaye shi ya fi cutuwa, gara a saba masa da hasken a hankali cikin 'yan makonni. Kada kuma ƙunar ta sa ka ƙara masa ruwa, domin jiƙaƙƙiyar ƙasa a lokacin zafi tana ruɓar da saiwarsa. Ka gauraya ƙasar da tsakuwa, ka shayar da shi sosai a gindi, sannan ka bari ta bushe sarai kafin ka sake.