Kafin ku buga takardun banki da rubutun makafi

Malama, tambayarki da kika ce bankinku na so ya fara buga takardu da rubutun Braille, wato ɗigo-ɗigon da muke shafawa da yatsu mu karanta, kuma ta ina za ku fara, wallahi ta sosa min inda yake min ƙaiƙayi. Ni makaho ne tun ina ɗan shekara bakwai, a makarantar makafi ta Gindiri na koyi Braille, yanzu haka da TalkBack, manhajar da ke karanta min abin da ke fuskar waya da murya, nake rubuto miki wannan.

Ku fara da zama da mu tukuna, kafin a kashe ko sisi. Kuma ba makaho ɗaya za ku kira ku ce kun ji ta bakin makafi ba, don ba duka muke karanta Braille ba, wanda ido ya tafi masa da girma ko mai ciwon suga da yatsunsa suka daina ji sosai, shi sauti yake so ko saƙo a waya. Mu ma masu karantawar akwai mai iya cikakken rubutu kawai, akwai mai iya gajartacce, wanda ake taƙaita kalmomi a cikinsa. Ku nemi ƙungiyar makafi ta ƙasa reshen jiharku, ku je makarantu irin ta Tudun Maliki a Kano, ku sa mata a ciki don Allah, su aka fi mantawa da su.

Akwai wani banki da suka taɓa ba ni sitatimen na Braille, na yi murna sosai har na yi ta sa musu albarka, da na isa gida na warware sai na ji an ninke ta gida uku an cusa a ambulan, takardar kuma sirirya, ɗigon duk sun kwanta. Inda ya rage ma lambobin sun cakuɗe, ban san wanne ne kuɗin da ya shiga wanne ne ya fita ba, don sun ɗauko jadawalin lissafi na masu ido sun juye haka nan. Ƙarshenta ɗan yayata ya karanta min, yaro ɗan sakandare ya san nawa ne a asusuna. Abin da ya fi min ciwo kenan, sirri. Da makaho ɗaya ya shafa takardar nan kafin ta fita da ba a yi haka ba.

Sannan ki sani shafi ɗaya na boko yakan ci kusan uku a Braille, to ku fara da abin da muke sa wa hannu ba mu san me ke ciki ba, fom ɗin buɗe asusu, sharuɗɗan bashi, cajin da ake cirewa. Kuma ku duba yadda ma'aikatanku ke yi, ni an taɓa hana ni katin ATM sai na kawo mai ido ya tsaya min, alhali dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman tun Janairun 2019 aka sa mata hannu. Wanda kuka kira ya duba muku aikin ku biya shi haƙƙinsa, aiki ne ba sadaka ba. In kun buga samfurin farko ki sanar a nan, zan zo in shafa da kaina in sha Allahu.