Yaya Ake Auna Gudun Abin da Aka Jefa?

Tambaya: Malam, ni ɗalibin aji biyar ne a sakandare. An koya mana cewa abin da aka jefa yana da gudu iri biyu, na gaba da na sama ko ƙasa, kuma wai babu ruwan ɗaya da ɗaya. Na haddace amma ban gamsu ba. Akwai yadda zan auna da kaina a gida?

Amsa: Akwai, ɗana, kuma ba sai da ɗakin gwaji ba. Fara da kunnenka. Ɗora tsabar kuɗi biyu a bakin tebur, ka ɗalli ɗaya da yatsa ta yadda za ta ɗan gogi ɗayar. Guda za ta tashi can gaba, guda ta zubo nan gindin tebur, amma ƙara ɗaya za ka ji. Ƙasa ba ta duba saurin abu kafin ta jawo shi. Duk sakan ɗaya tana ƙara wa gudunsa na faɗowa mita 9.8 a sakan, shi kuwa gudun gaba yana nan yadda ya baro tebur, in ba iska ta rage shi ba. Haɗuwar biyun ce ke lanƙwasa hanyar, kamar yadda Galileo ɗan Italiya ya bayyana a littafinsa na 1638.

Wajen awo kuwa, ajiye agogon waya. Nan ɗalibai suke yawan faɗuwa: kafin yatsa ya danna, kusan rabin tafiyar ta wuce. Bari tsayin tebur ya ba ka lokacin. Ƙa'idar ita ce tsayi daidai yake da 4.9 sau lokaci sau lokaci. Ari tef ɗin tela ka auna. In teburin santimita 80 ne, wato mita 0.8, raba shi da 4.9, ka samu kimanin 0.16, tushensa (wato lambar da in ka yi ta sau kanta za ta ba da 0.16) shi ne 0.4. Ke nan duk abu mai ɗan nauyi da ya baro teburin nan a kwance, sakan 0.4 zai yi a iska, ko a hankali ka turo shi ko da ƙarfi.

Sai ka ɗaura tsakuwa a zare ka saukar daga bakin teburin, ka yi alama inda ta taɓa ƙasa. Barbaɗa toka a gaba don sawun ya fito. Gangaro ɗan ƙaramin ƙwallo mai nauyi daga kan teburin, ka auna daga alamar zuwa sawun farko, ba inda ya gangara ya tsaya ba. In ka samu santimita 60, raba 0.6 da 0.4: gudun gabansa mita 1.5 ne a sakan.

Jifa zuwa sama, irin na danƙo, haka lissafinsa yake, sai dai ka fara raba gudun gida biyu, na sama da na gaba. Dutsen da ya tashi da mita 20 a sakan a kan kusurwar digiri 30 daga ƙasa, rabonsa na sama 10 ne, na gaba kimanin 17.3. Zai yi kusan sakan 2 a iska, ya sauka wajen mita 35.

Kada ka gwada da dunƙulen takarda ko balan-balan. Iska za ta ɓata maka lissafin gaba ɗaya.