Bishiyar nan ita kaɗai a zanen

Malam, zanen da kake tambayar ma'anarsa, mai bishiya ɗaya tilo a tsakiyar fili, aikin Caspar David Friedrich ne, Bajamushe, ya zana shi a 1822, yanzu haka zanen yana Berlin. Ka duba da kyau, saman bishiyar ya bushe ƙayau amma ƙasanta ganye shar, ga makiyayi ya jingina da gindinta tumakinsa na kiwo, shi ya sa ake cewa rai da mutuwa ne a jiki ɗaya, wasu ma gicciye suke gani a busassun rassan. Akwai masu cewa Jamus kanta bishiyar take wakilta, tunda irin itacen, wato oak, alamar Jamusawa ce. Ni dai fassarar farko ta fi kwanta min gaskiya.