Shin makaɗin piyano da ya koma koyarwa ya gaza ne?

Tambaya: Malam, ɗiyata mai shekara 10 tana koyon piyano a wurin wani malami da aka ce a da yana kiɗa a manyan tarurruka, amma yanzu koyarwa kaɗai yake yi. Shin wannan ba alamar gazawa ba ce, kuma anya zai iya kai yarinyar wani matsayi?

Amsa: Hajiya, ki kwantar da hankalinki, domin a kiɗan gargajiyar Turai da ake rubutawa a takarda, koyarwa tana cikin ginshiƙan sana'ar tun asali, kuma mafi yawan gwanayen da tarihi ya sani sun haɗa ta da kiɗa a bainar jama'a. Dalili na farko shi ne ƙarancin gurbi. Gasar piyano ta Chopin da ake yi a birnin Warsaw na ƙasar Poland tun 1927, sau ɗaya ake yin ta a shekara biyar, mutum guda ke zuwa na ɗaya, alhali makarantun kiɗa suna yaye ƙwararru kowace shekara. Waɗanda tikitin taro kaɗai ke ciyar da su 'yan kaɗan ne ƙwarai.

Dalili na biyu ya fi wannan nauyi a wurina. Takardar kiɗa tana nuna madannin da za a taɓa cikin madannai 88 na piyano da tsawon lokacin da za a riƙe shi, amma ba ta iya nuna yadda za a saki nauyin hannu tun daga kafaɗa, ko yadda babban yatsa zai ratsa ƙarƙashin sauran ba tare da sautin ya yi tuntuɓe ba. Wannan sai hannu da hannu, kamar yadda ɗan makaɗin fada ke ɗaukar kiɗan taushi a gefen mahaifinsa. Carl Czerny, wanda aka haifa a Viyana a 1791, ya yi karatu a wurin shahararren mai tsara kiɗa Beethoven, ya kuma zaɓi koyarwa a kan yawon kiɗa. Shi ya koyar da Franz Liszt da Theodor Leschetizky, shi kuma Leschetizky ya koyar da Paderewski da Artur Schnabel, dukkansu manyan gwanayen piyano. A Mosko ma, gwanayen piyano Emil Gilels da Sviatoslav Richter duk sun zauna a ajin malamin piyano Heinrich Neuhaus.

Misalin da ya fi dacewa da tambayarki shi ne na gwanar piyano Clara Schumann. An haife ta a Leipzig ta ƙasar Jamus a 1819, mahaifinta Friedrich Wieck malamin piyano ne, kuma ta fara kiɗa a zauren Gewandhaus tana da shekara 9. Da mijinta Robert Schumann ya rasu a 1856 ya bar ta da 'ya'ya bakwai, da yatsunta ta riƙe gidan, tana zagaya Jamus da Ingila tana kiɗa. A 1878, lokacin da sunanta ya riga ya cika Turai, ta karɓi aikin koyarwa a makarantar kiɗa ta Hoch da ke Frankfurt, ta yi har 1892, 'ya'yanta mata Marie da Eugenie suna shirya mata ƙananan ɗalibai kafin su iso gabanta. Ba ta daina kiɗa a bainar jama'a ba sai 1891. Babu mai hankalin da zai kira wannan gazawa.

Sai dai kada ki ɗauka duk gwanin kiɗa gwanin koyarwa ne, domin akwai wanda hannunsa ya iya abin da bakinsa ba zai iya bayyanawa ba. Ki nemi izini ki zauna a darasi ɗaya. Ki lura ko malamin yana gyara zaman yarinyar da tsayin kujera, ko yana duba wuyan hannunta kada ya sandare, ko yana ɗaukar fensir ya rubuta lambar yatsa a kan takarda, sannan ya kaɗa mata layin da kansa domin kunnenta ya ji abin da ake nema. Ki tambaye shi kuma ko yana shirya ɗalibai ga jarrabawar kiɗa ta hukumar ABRSM ta Ingila mai mataki 1 zuwa 8, ko ta ƙungiyar kiɗa ta Najeriya, MUSON, da ke Legas, da irin aikin da yake so ta riƙa yi a gida kowace rana tsakanin darasi da darasi.