Sau uku JAMB, likitanci bai samu ba: in sake ko in haƙura?

Ƙanena, ka ce sau uku kenan kana zana JAMB don samun likitanci a ABU abin ya ƙi, kana tambaya ka sake ko ka haƙura. Wallahi na tausaya maka, zaman gida yana cin rai, abokanka na hawa bas ɗin Samaru da safe kai kana zaure.

Abin da zan ce ka fara dubawa shi ne makinka. Ɗauko takardun sakamakon nan ka jera su a tabarma, in yana hawa ne, misali 210 ya koma 240 ya koma 260, to akwai alamar nasara, ka sake amma ka canza salon karatu musamman fiziks da kemistiri. In kuwa wuri ɗaya yake tsaye alhali ka yi iya yinka, gaskiya kar ka ƙara ɓata wata shekarar, don sau ɗaya ake JAMB a shekara, likitancin kansa shekara 6 ne, ga aikin horo a asibiti ga bautar ƙasa.

Sannan tsakaninka da Allah, kai ke so ko su Baba ne ke son a ce ɗansu dakta ne? In kula da marar lafiya ne a ranka ai akwai jinya, akwai haɗa magunguna, akwai gwajin jini, leƙa asibitin koyarwa na ABU da ke Shika ka ga yadda ake ji da su. Ga kuma IJMB, wato karatun share fagen shiga jami'a da ABU ɗin ke kula da shi, in makinka ya yi kyau aji biyu za ka shiga kai tsaye. Ka yi istihara, ka zauna da Baba ku yi maganar kafin a fara sayar da fom.