Me ya sa bakteriyar E. coli marar furotin Dps ke mutuwa idan abinci ya ƙare?

Malam, ka ce E. coli ɗinka da aka cire wa dps (ƙwayar gadon da ke samar da furotin Dps) tana girma lafiya, sai ta daina hayayyafa take mutuwa. Ba abin mamaki ba ne. Furotin Dps, wanda bakteriya iri-iri ke da shi, ya fi yawaita idan abinci ya ƙare. Dps guda 12 ke haɗuwa su zama ƙwallo mai rami, su naɗe DNA, su kulle sinadarin ƙarfe a ciki. Idan babu shi, ƙarfen kan haɗu da sinadarin H2O2 (hydrogen peroxide) ya haifar da gubar da ke yayyanka DNA.

Don gane yawan ƙwayoyin da ke raye, kada ka dogara da awon OD600 (awon duhun ruwan da bakteriya ke ciki), domin matattun ƙwayoyi ma suna sa ruwan ya yi duhu. Ka reni bakteriyar cikin LB (ruwan abincin bakteriya) a 37°C, kullum ka ɗibi kaɗan, ka tsarma ninki goma-goma, ka shafa a farantin renon bakteriya, washegari ka ƙirga waɗanda suka tsiro.