Bambancin burkutu, giyar kwalba da ogogoro

Ɗan'uwa, ka ce ƙaninka na cewa burkutu kawai yake sha, wai ba barasa ba ce kamar wuski. Sinadarin da ke bugarwa a cikinsu duka ɗaya ne, ƙarfi da yadda ake haɗawa ne suka bambanta.

Abubuwan sha masu bugarwa kashi biyu ne. Akwai waɗanda ake barin su su tsima: burkutu da pito daga dawa ko gero, bammi daga ruwan bishiyar kwakwar manja, giyar kwalba daga sha'ir, sai giyar inabi. Sinadarin bugarwa a giyar kwalba kan kai kashi 4 zuwa 6 cikin ɗari, a ta inabi wajen 12. Burkutu ba ta da ma'auni, ya danganta da hannun mai dafawa da kwanakin da ta yi.

Kashi na biyu, tsimammen ake dafawa a tara tururinsa. Nan ake samun wuski, giyar jin (gin) da ogogoro (wadda aka fi yi daga bammi), ƙarfinsu kusan kashi 40 cikin ɗari.

Inda ake yaudarar kai shi ne ƙwarya. Mai shanye ƙwarya huɗu na burkutu zai iya wuce mai ɗan ƙaramin kofin wuski nesa ba kusa ba. Ogogoron gida kuwa ya fi ban tsoro, don a 2015 wanda ya gurɓata da methanol, wani sinadari mai guba, ya kashe mutane a jihohin Ondo da Ribas.

In hannun ƙaninka na rawa da safe kafin ya sha, kada ku sa shi ya daina farat ɗaya, hakan na iya jawo farfaɗiya. Ku kai shi wurin likita, a duba hantarsa kuma.